Zauren Turanci: Kalmar "erect", inda take shiga da inda ba ta shiga

Assalamu alaikum. Daga cikin wasiƙun da suka taru a wannan wata na ware guda huɗu, domin duk a kan kalma ɗaya suke, ko da yake masu su ba su san juna ba. Zan fara da wadda ta fi tsaya mini a rai.

Tambaya: Malam, barka da ƙoƙari. Ni ne sakataren kwamitin unguwarmu. Mun yi karo-karo za mu kewaye maƙabartarmu da katanga, saboda awaki da masu cin iyaka sun dame mu, muna kuma so a gina rijiya a ciki don ruwan kwaɓa ƙasa ranar jana'iza. Kuɗin bai kai ba, sai aka ce in rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma takardar neman gudummawa. Na sa mata kai kamar haka: "Request for the erection of a fence and a well." Ɗana da ke jami'a ya karanta, ya ce, "Baba, a canza kalmar nan." Na tambaye shi dalili, ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba. Alhali ni a jaridu da allunan gwamnati na saba ganinta. Kuskure na yi?
Sakataren kwamitin unguwa, Funtuwa

Amsa: Alhaji, Allah ya saka muku da alheri, ya sa aikin nan a mizani. Yaron kuma Allah ya yi masa albarka. Kunyar ɗa da uba ce ta rufe masa baki, kuma zan faɗi abin da ya kasa faɗa. Sai dai gyara biyu ne a layin nan guda, bari in fara da wanda nake zaton shi ma bai lura da shi ba.

In "erect" ta zo a matsayin aikatau, ma'anarta a tsayar da abu ya miƙe daga ƙasa zuwa sama. Kalmarmu da ta fi kusa da ita ita ce "kafa". Ga ma'aunin da nake ba ɗalibaina tun ina koyarwa a sakandare: duk abin da guguwa za ta iya kayarwa, ko ya faɗi in ruwa ya ci gindinsa, to kalmar ta dace da shi. Katanga, shinge, falwaya, allon talla, rumfar biki, tanti, hasumiyar masallaci, ƙarfen sabis na waya, mutum-mutumi. Shi ya sa littattafan tarihi ke cewa "The Berlin Wall was erected in 1961", wato katangar da ta raba birnin Balin na Jamus gida biyu har zuwa 1989. Haka ake faɗa game da mutum-mutumin 'yanci da Faransa ta ba Amurka kyauta, wanda aka tsayar a bakin ruwan New York a 1886. A Ingila ma akwai tsofaffin gine-gine da yawa da za ka ga dutse a goshinsu an sassaƙa "Erected", ga shekara a gefe. Katangarku ta shiga wannan sahu, babu ko tantama.

To rijiya fa? Rijiya ƙasa take yi, ba sama ba. A nan Hausa ce ta ja hannunka, kuma ba kai kaɗai take ja ba. Mu da kalma ɗaya muke gina gida, mu gina rijiya, mu gina rami, mu gina kabari. Bature ya raba su. Gida "build" yake cewa. Rijiya da kabari "dig". Rijiyar burtsatse kuma "drill" ko "sink". Na sha ganin "we want to build a well" a takardun ƙungiyoyi, kuma duk lokacin da na gani na san "gina" ce ta sa rigar Turanci. Abin da ke kwance a ƙasa shi ma bai karɓar "erect": titi, kwalbati, magudanar ruwa, filin ƙwallo, duk "build" ko "construct" ake ce musu.

Yanzu ga abin da ya sa yaron ya sunkuyar da kai. Sunan da ake cirowa daga "erect", wato "erection", yana da ma'ana ta biyu, ita ce miƙewar gaban namiji. Da ita likitoci ke magana a kan raunin mazakuta, kuma a bakin mutanen Ingila da Amurka na yau, in kalmar ta fito, wannan ma'anar ce ke fara zuwa zuciya. Ba wai ma'anar gini ta mutu ba. Injiniyoyi na nan suna rubuta "erection of steel structures" a takardun kwangila, kuma mai sana'ar harhaɗa ƙarafan dogayen gine-gine "steel erector" ake kiransa, ba wanda ke jin wani abu. Saboda haka ta fuskar nahawu ba ka yi laifi ba game da katangar. Amma takarda ce a kan makwancin iyayenmu, za ta bi ta hannun masinja da akawu da sakatare kafin ta isa teburin shugaba, kuma ba na so ko mutum ɗaya ya yi murmushi a kanta. Ka rubuta haka: "Request for assistance to build a wall and dig a well at our cemetery." Kalmar "assistance" na ƙara domin gudummawa kuke nema, ba cewa kuka yi a ɗauke muku aikin gaba ɗaya ba.

Ka ga kuma na sa "wall" a maimakon "fence". A Ingila "fence" shingen katako ne ko na waya, katangar bulo kuwa "wall". A Nijeriya mun saba kiran katangar bulo "fence", kuma shugaban ƙaramar hukuma zai gane ko wanne ka sa. Amma in wata rana takardar za ta tafi wurin wata ƙungiyar agaji ta waje, "wall" ce za ta nuna musu bulo da siminti kuke nufi, kuma kuɗin biyun ba ɗaya ba ne.

Akwai abin da ya fi duk wannan damuna, kuma tunda ka ce a jarida da allon gwamnati ka saba ganin kalmar, ka riga ka taɓo shi da kanka. Can ne gidanta. "Erect" babbar riga ce, ta Juma'a da Sallah, ba a shiga gona da ita. Bature na hira da maƙwabcinsa ba zai ce ya yi "erect" ɗin tanti ba, zai ce "I put up a tent". Shinge ma "put up a fence", allo "put up a sign". Waɗannan ƙananan kalmomi biyu su ke ɗauke da kusan duk aikin a maganar yau da kullum. Dalilin yana cikin tarihin harshen. Turanci na da tsofaffin kalmominsa na gado, gajeru, irin su "build" da "stand". Bayan da mutanen Nomandi na Faransa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada, Latin kuma na coci da shari'a da makaranta, sai kalmomi masu nauyi suka riƙa kwararowa daga can. "Erect" daga Latin ta shigo, wajen ƙarshen ƙarni na 14, kuma har yau ƙamshin ofis bai bar ta ba. Mu ma muna da irin wannan. Muna cewa mutu, muna cewa rasu, muna cewa wafati wadda muka aro daga Larabci. Ma'anarsu ɗaya, amma wafati ta annabawa da manyan malamai ce, kuma duk Bahaushe ya san ba a ce wa kaza ta yi wafati.

Na shafe shekaru ina duba rubutun yara, kuma abin da ya fi ba ni tausayi shi ne yaron da ya san kalma mai sauƙi, daidai, ya rubuta ta, sannan ya soke ta ya sa mai nauyi don yana ganin ita ce Turanci na gaske. Mu malamai muna da hannu a ciki, domin mun daɗe muna yaba wa mai manyan kalmomi a gaban aji. Takardarka, Alhaji, in ta fito da "build" da "dig", ba ta ragu da komai ba.

Tambaya: Ranka ya daɗe, hedimasta ne ni. Wani malamina zai nemi aiki a wata ƙungiya, ya roƙe ni takardar shaidar hali. Ina so in ce tsayayyen mutum ne. Na duba ƙamus na ga "upright" da "erect" ma'anarsu ɗaya, sai na rubuta "He is an erect man" don na ga ta fi armashi. Ban aika ba tukuna.
Hedimastan firamare, Azare

Amsa: Malam, alhamdu lillahi da ba ka aika ba. Ka cire ta yau ɗin nan. Bayan abin da na faɗa wa Alhaji a sama, ka ga inda hankalin mai karantawa zai tafi, kuma mutuncin bawan Allah ne da abincinsa ke cikin takardar.

Ƙamus bai yi maka ƙarya ba, rabin magana ya faɗa maka. "Upright" ɗaki biyu gare ta. Ɗaya na jiki ne: abin da ke tsaye a miƙe. Duk wanda ya taɓa shiga jirgin sama ya ji ana cewa a mai da kujera "upright position" kafin tashi da sauka, masu sharhin ƙwallo kuma in ta bugi turken raga sukan ce ta bugi "upright". Ɗaki na biyu na hali ne: mai gaskiya, mai riƙon amana, wanda ba a lanƙwasa shi. Da wannan ma'anar ake fassara sunan Burkina Faso, wanda Thomas Sankara ya raɗa wa ƙasar a 1984, ana cewa "land of upright people", ƙasar mutane masu mutunci. "Erect" a ɗakin farko kawai take tarayya da ita. A Turancin yau ba a yabon halin mutum da ita.

Sannan ka tambayi kanka me kake nufi da tsayayye. In gaskiya da amana ne, ka ce "He is an honest and upright man". In kuwa nufinka mutum ne da in an ba shi aiki an huta, ba ya fashi, ba ya makara, to "reliable" ce kalmar. Shawarata ka nemi ƙamus irin na masu koyo, kamar Oxford Advanced Learner's Dictionary, wanda ke kawo jimlolin misali, yana kuma sa alamar "formal" a gefen kalmomi irin wannan. Jimlar misali ita ke nuna maka da wa kalma take zama.

Tambaya: Malam, ina aji biyu na babbar sakandare. A darasin aikin gona an ce masara tana da "erect stem", a wani littafi kuma na ga "Homo erectus". Kalma ɗaya ce da ta gini? Kuma yaya ake furta ta? Malamanmu biyu kowa da yadda yake faɗa. Sannan na taɓa rubuta "elected" a wurin "erected" aka soke mini.
Ɗaliba daga Gusau

Amsa: 'Yata, kalma ɗaya ce, sai dai a nan sifa ce, ba aikatau ba. Ma'anarta a miƙe, tsaye ƙyam. Kuma a wannan wurin kada ki ji komai wajen rubuta ta, domin a kimiyya ita ce kalmar da ake so, ita mai duba jarrabawa yake nema.

Ki leƙa gonar gidanku da damina, darasin duk yana can. Dawa da gero da masara karansu a tsaye yake, su ne "erect". Kabewa da kankana da dankalin Hausa suna yaɗo a ƙasa, su ne "creeping". Doya sai an kafa mata sanda ta nannaɗe ta hau, ita ce "climbing". Wake ya fi ban sha'awa, domin iri-iri ne: akwai mai yaɗo wanda iyayenmu ke shukawa a tsakanin gero don su samu harawa, akwai kuma mai tsayuwa, wanda masu binciken noma ke rubuta wa "erect", da na tsakatsaki da suke kira "semi-erect". Gyaɗa ma haka, akwai mai tsayuwa dunƙule, akwai mai bazuwa.

Ana faɗin sifar a kan dabba da mutum ma. Kare in ya ji motsi ya tsayar da kunnuwa, a rubuce sai a ce "with ears erect". Soja a fareti "stands erect". Amma wannan ma Turancin littafi ne. Uwa Baturiya in ɗanta ya ranƙwafa a kujera "sit up straight" za ta ce masa, in a tsaye yake kuma "stand up straight".

"Homo erectus", sunan da masu kimiyya suka ba wani nau'in mutanen da can can, Latin ne tsantsa, ma'anarsa mutum mai tsayuwa a miƙe. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Eugène Dubois, shi ya tono ƙasusuwan farko a tsibirin Java na Indunusiya a 1891, kuma ƙashin cinya da ya samu a wurin ne ya sa ya ce mai shi da ƙafa biyu yake tafiya, ya sa "erectus" a sunan. Tushen kalmar a Latin shi ne "regere", wato miƙar da abu, daidaita shi. In kin riƙe wannan, kin samu 'yan uwanta kyauta. "Correct" abin da aka miƙar ya zama daidai. "Direct" kai tsaye. "Director", wanda muka mayar darakta, mai miƙar da tafiyar ma'aikata. "Rector", sunan da ake ba shugaban kwalejin fasaha a Nijeriya. "Rectangle" na darasin lissafi, mai miƙaƙƙun kusurwoyi. Duk "rect" ɗin nan guda ne.

Furuci kuma, ƙarfin murya a kan gaɓa ta biyu yake: i-REKT. Ta farko gajera ce, ki wuce ta da sauri. Inda harshenmu ke tuntuɓe shi ne ƙarshen, domin Hausa ba ta saba rufe kalma da baƙaƙe biyu a jere ba. Sai ki ji wani ya ce "irek" ya yar da "t", wani ya ce "irekit" ya cusa wasali. Ki riƙa maimaita "act", "fact", "erect" har "k" da "t" su fito manne da juna. Na abin da ya wuce kuwa, wato "erected", gaɓa uku ne: i-REK-tid.

Batun "elected", wata kalma ce dabam, ta zaɓe. Mutane ake zaɓa, katanga ake tsayarwa. Ban yi mamakin tuntuɓen ba, domin a Hausar wajenku "l" da "r" sukan yi musanya, inda Bakano zai ce harshe ku ce halshe. A Hausa ma'ana ba ta canzawa. A Turanci tana canzawa, kamar "light" da "right". Ki riƙa tuna "l" ɗin "election".

Tambaya: Malam, da Faransanci na yi karatu, yanzu ina koyon Turanci saboda harkar kasuwa da Kano. Mu muna da "ériger". Mukan ce an yi wa gari "ériger en commune", wato an ɗaga shi ya zama ƙaramar hukuma. Zan iya cewa "the town was erected into a commune"? Kuma mun kafa ƙungiyar 'yan kasuwa, zan iya cewa "we erected an association"?
Ɗan kasuwa daga Maraɗi

Amsa: Ɗan'uwa, uwarsu ɗaya, Latin, amma kowa da gidan da ya tashi. Faransanci ya riƙe ma'anar ɗaga darajar wuri ko kafa hukuma, kuma a takardun mulkin Nijar za ka yi ta cin karo da ita. Turanci ma ya taɓa yin haka. A takardar shelar 'yancin Amurka ta 1776, cikin laifuffukan da aka jera wa Sarkin Ingila George na Uku akwai cewa "He has erected a multitude of New Offices", wato ya ƙirƙiro ofisoshi barkatai. Cocin Katolika ma har yau in ta buɗe sabon yankin bishop takan ce "the diocese was erected". In ban da irin waɗannan wurare, ma'anar ta tsufa, kuma abokin cinikinka na Kantin Kwari ko na Dawanau zai tsaya yana tunanin wane gini kake nufi.

Ɗazu na ce wa Alhaji "kafa" ce ta fi kusa da "erect", to ga iyakar kusancin. Kafa tanti da kafa tuta da kafa rumfa, abubuwan da ido ke gani a tsaye, nan suna tafiya tare. Da an zo kafa ƙungiya ko kamfani ko makaranta sai su rabu: "set up" a baki, "establish" ko "found" a takarda. Kafa gwamnati kuma "form a government".

Wuri ɗaya da za ka ga "erect" a kan abin da ba a taɓawa da hannu, kuma ya shafi sana'arka, shi ne shinge na siffantawa. In ƙasa ta ƙara kuɗin kwastan ko ta hana shigo da wani kaya, jaridu kan ce ta yi "erect trade barriers". Kai da ke bin hanyar Ɗan Isa da Jibiya, ka kuma ga rufe iyakar da Nijeriya ta yi daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, ba sai an fassara maka wannan ba. Ko a nan ma hoton katanga ne a zuciyar mai maganar, shi ya sa kalmar ta zauna.

Jimlolinka biyu ga yadda za ka rubuta su: "The town was made a commune", da "We set up a traders' association". In a takardar da za ku kai banki ko ofishin rajista ne, ka mai da ta biyun "We established a traders' association", ka sa shekarar da kuka kafa ta a ƙarshe.